Daɓen Da Aka Yanke Wa Harshe

Mijin yayata bai taɓa ganin aikin da ya fi ƙarfinsa ba. A benen da suke zaune babu mai kiransa da sunansa na gaskiya, kowa Ƙaramin Aiki yake ce masa, domin ko injin jirgin sama ka nuna masa zai ɗan karkata kai, ya taɓe baki, ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Kafin ya yi ritaya aikinsa buga hatimi ne a wani ofishi, amma in ka ji yana ba da labari sai ka rantse shi ya gina ofishin, ya ja masa wuta, ya kuma haƙa masa rijiya. Ni ne autan su Yaya, aski nake yi, kuma tun ranar da ya gyara min injin aski ya koma tsige gashi maimakon yankewa nake riƙe da shi a raina.

A gidan akwai ɗan ɗaki kusa da kicin, nan ne fadarsa. A ciki yake ajiye guduma da ƙusoshi da zarton lantarkinsa, makullin kuma yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Yaya ɗinki take yi, amma kekenta a lungu yake, daf da ƙofar banɗaki, duk wanda zai shiga sai ta tashi ta ba shi hanya. Ta daɗe tana neman ɗakin nan, shi kuma ya daɗe yana ce mata injiniya ba ya zama ba ofis.

Da ledar falonsu ta gama tsagewa sai Yaya ta sayo katakon daɓe na zamani, wanda ake kira laminet, falankaye ne sirara masu santsi a cikin kwalaye. Masu shagon suka ce za su turo wanda zai shimfiɗa. Ƙaramin Aiki ya ji wannan magana kamar an zage shi. Ya ce yana raye, yana numfashi, wani ƙato zai shigo masa gida da guduma? Yaya ta bar shi ya gama hucinsa, sannan ta ajiye almakashinta.

"Baban 'yan biyu, na yarda. Ka shimfiɗa. In na taka na zagaye falon bai motsa ba, ɗakin nan naka ne har abada, ba za ka ƙara jin maganarsa a bakina ba. In ka lalata min shi, makulli nawa ne, zarton kuma na Auta."

Ya amsa tun kafin ta rufe baki. Bai tsaya nan ba, ya bi benen hawa-hawa yana ƙwanƙwasa ƙofofi, yana gayyatar jama'a ranar Asabar da la'asar su zo a buɗe daɓe. Ni kuwa na rufe shago na zo taya shi, ba don Allah ba, na zo ne in sa ido a kan zartona.

Kowane falanki yana da ɗan siririn harshe da ya fito a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma tsagi ne, wato baki. Harshen wannan shi ke shiga bakin wancan su kama juna, da haka daɓen yake zama abu guda ba ƙusa ba gam. Wannan bayani daga baya na san shi, a ranar ni ma ban fi shi sani ba. Ya zaro falanki na farko, ya shafa harshen da babban yatsa, ya ja dogon tsaki. Ya ce in dubi lalacin 'yan kamfani, sun yanka katako sun bar masa geza, ko gogewa ba su yi ba. Ya buɗe kwali na biyu, nan ma geza. Na uku, geza. Ya ware falankaye biyu ya jingina bayan labule, ya ce waɗannan shaida ce, zai kai wa mai shago ya ci masa mutunci. Sauran kuwa ya ce in ɗora masa su a kan teburin cin abinci.

Zarton nan in ya tashi, ko kiran sunanka ake yi a kunne ba za ka ji ba. Garin katako ya turnuƙe falon, ya hau labule, ya shiga kofin shayina. Ba a jima ba sai ga Tsohon Soja da ke zaune a ƙasansu ya hawo da sandarsa, yana tambaya ko an fara kwashe mata da yara. Bayansa sai maƙwabciyarsu ta ƙofar da ke kallon tasu, wadda ake kira Rediyo saboda ba a kashe ta, ta leƙo da ludayi a hannu.

Soja ya ɗauki wani harshe da ya faɗi ƙasa, ya juya shi, ya ce, "Malam, wannan da kake zubarwa ba shi da aiki ne?"

"Aikinsa ke nan, a zubar. Kamfani farawa suke yi, gwani ke ƙarasawa."

"Duk falankayen nan kuskure iri ɗaya suka yi, a gefe ɗaya, tsawo ɗaya?"

"Shi ya sa kullum nake ce maka duniya ta lalace."

Soja ya gyaɗa kai, don shi ma ra'ayinsa ke nan game da duniya. Yana tsaye a wurin zarton ya bi gefen wani falanki ya zarce, sai muka ji wani abu mai nauyi ya faɗi. Gefen teburin cin abinci ne, tun daga wannan kusurwa har waccan. Ƙaramin Aiki ya kashe zarto, ya dubi abin da ya faɗo, ya ce da ma ya lura teburin ma yana da geza. Rediyo ta juya da sauri, na san abincinta na kan wuta amma ba kicin ta nufa ba.

Washegari muka shimfiɗa siririn soson da ake sawa a ƙarƙashi, muka jera falankaye a kai. Sun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai kowanne yana kwance ne kusa da ɗan uwansa ba ruwan wani da wani, kamar baƙin da suka haɗu a bencin asibiti. Na ɗora ƙafa a kan ɗaya sai ya tafi da ni. Ƙafar dama ta nufi taga, ta hagu ta tsaya wajen ƙofa, wandona ya yanke hukunci a tsakani. Ina zaune a ƙasa ina salati, shi kuma yana tsaye yana murmushi kamar wanda ɗansa ya fara tafiya. Ya ce mai shago da bakinsa ya faɗa, irin wannan daɓen ba a kafe shi, sakinsa ake yi ya yi shawagi a kan soso. To ga shi nan yana shawagi, me kuma nake nema?

Na tuna masa cewa Yaya cewa ta yi kada ya motsa. Nan murmushin ya ɗan ragu. Ya zagaya falon ta jikin bango yana dafe da makullin wuyansa, can sai ya buga cinya ya ce ya gano. Tunda sun ƙi riƙe juna da daɗi, za a matse su ne daga bango zuwa bango har su rasa inda za su.

Tef ɗin awo zarto ya riga ya cinye shi tun jiya, don haka da silifas ya auna gibin da ya rage a ƙarshen kowane layi. Matsalar ita ce da nasa silifas ɗin ya auna gibin, da ya zo yanka kuma nawa ne a kusa, ni kuwa Allah ya hore min ƙafa. Duk guntayen suka fito sun fi wurinsu tsawo. Ya ce hakan ma ya fi, ai matsi ake nema. Ya sa guduma ya dinga dukansu suna shiga da kuka, fentin bango yana zubowa, Soja yana amsa masa da sanda daga silin ɗinsa na ƙasa. Da guntu na ƙarshe ya shiga, babu falankin da ya ƙara motsi. Amma tsakiyar falon ta taso ta yi tozo, in ka tsaya a ƙofa sai ka ɗan hau tudu kafin ka gangara wajen talabijin.

Ya dubi tozon, ya dubi kicin. Haka muka turo firji muka kafa shi a tsakiyar falo, tozon ya kwanta yana ƙara. Ya ce gidajen manya yanzu haka ake yi, baƙo ba ya wahalar neman ruwa.

A nan ne muka ji Yaya tana murɗa makulli daga waje, ta dawo daga kai ɗinki. Ƙyauren gidan ciki yake buɗewa, mu kuma a rufe muka yi aikin, daɓen ya ƙara tudu, ƙyaure ya ce ba inda za shi. Ta tura, muka ja, ko motsi. Ta tambaya daga waje ko lafiya, ya ce mata ta ɗan zauna wajen Rediyo, ana ƙarasa wani ɗan gyara ne. Wannan ita ce babbar kyautar da aka taɓa yi wa Rediyo.

Muka kwance ƙyauren da ƙyar, muka kwantar da shi a kan abin da ya rage na tebur, ya ja layi ya yanke kamar faɗin tafin hannu. Muka ɗaga muka mayar. Ƙyaure ya ƙi buɗewa kamar ɗazu, sai dai yanzu haske yana shigowa ta sama. Ta wannan tagar da ya buɗe ne muka ga idanun Tsohon Soja, ya hau bokiti yana leƙenmu.

"Malam, sama ka yanke."

"Na sani. Iska nake nema wa falon."

"To ƙasan fa?"

"Ana zuwa. Ku sojoji komai sai gaggawa."

Muka sake kwancewa. Wannan karon ya ce ba zai bari ƙyaure ya ƙara raina shi ba, ya yanke ƙasan da zuciya. Da muka mayar, ƙyauren ya buɗe lafiya lau, ba abin da ya taɓa, domin daga ƙasa har gwiwata babu komai. In an rufe, mai wucewa yana ganin ƙafafunku ta ƙasa, dogo kuma yana gaishe ku ta sama. Yaya ta shigo, ta dubi ƙyaure, ta dubi tebur, ta dubi firji a tsakiyar falo. Ta buɗe shi ta sha ruwa, ta ce ita maganar daɓe ta yi, kuma sai Asabar. Sanyin nan nata ya fi ba ni tsoro a kan faɗa.

Ranar Asabar ko waɗanda ba a gayyata ba sun zo, don Rediyo ta yi aikinta. Falo ya cika, aka tura ƙyaure aka rufe, sauran suka tsaya a matakala suna kallo ta sama da ta ƙasa. Ƙaramin Aiki ya sha sabon ɗinki, ya ɗaura wani jan ƙyalle daga hannun firji zuwa ƙusar agogo, ya ba Soja almakashin Yaya ya yanka. Aka yi tafi.

Sai Yaya ta tuɓe takalmi ta hau. Ta taka a hankali daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa talabijin, ta zagaye firji, har da ɗan dira diddige a kusurwa. Daɓen nan ko gezau. Na ga zartona yana tafiya yana barina. Yaya ba ta da ƙarya, ko a kanta gaskiya ta faɗo za ta faɗe ta. Ta tsaya ta daɗe tana kallon lungun da kekenta yake, sannan ta ce, "Bai motsa ba. Ka ci ɗakinka, Baban 'yan biyu."

Da mutumin nan ya yi shiru a nan, da yau wani labarin nake ba ku. Amma ya gyara tsayuwa ya fara jawabi. Ya ce wannan daɓen ko motar yashi ta hau ba zai ji ba. Ya ce akwai masu shimfiɗa daɓe da suka shekara suna yi ba su san sirrin geza ba. Ya ce duk mai so a benen nan ya yi magana da wuri, don layi zai yi tsawo. Rediyo ta gyara mayafi, ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma mutane suna cewa firji ne ke riƙe da shi.

"Waɗanne mutane?"

"Mutane dai."

"Firji ado ne. Auta, Soja, ku kawar da shi su gani."

Yaya ta ce ya bari, magana ta ƙare, ta riga ta ba shi. Ya ce ba zai karɓi ɗaki da bakin mutane a kansa ba. Ni kuwa tun kafin ya sauya ra'ayi na riga na sa kafaɗa. Muka tura firjin har jikin bango, shi kuma ya tako ya tsaya daidai inda aka ɗauke shi, ya buɗe hannuwa, ya ci gaba da jawabi daga inda ya tsaya.

Da farko ba abin da ya faru. Sai muka lura yana ƙara tsawo. Mutum ne gajere, kafaɗata yake kaiwa, amma yana magana yana tashi a hankali har kansa ya zo daidai da na Soja, ya wuce. Wata ƙara tana fitowa daga ƙasa kamar tsohon gado. Shi bai lura ba, ya ɗauka jama'a ne suka nutsu saboda daɗin bayani. Don ya rufe jawabin da ƙarfi, ya ɗaga ƙafa ya dira ta a kan tozon.

Daɓen ya fashe gaba ɗaya. Falankaye suka yi tsalle, wasu suka miƙe tsaye, wasu suka kwashe ƙafafun baƙi. Matar likitan hawa na sama ta sami kanta zaune a cinyar Rediyo, Soja ya rungumi firji yana ba da umarnin a kwanta. Falankayen da ke layin ƙofa kuwa suka sulale ta ƙarƙashin ƙyaure ɗaya bayan ɗaya, suka bi matakala suna ƙwaram-ƙwaram kamar an tashi 'yan makaranta. A kan na ƙarshensu maigidan yake, kwance ɗoɗar a bayansa, hannuwa har yanzu a buɗe. Gibin da ya yanke da zuciya ya ishe shi wucewa ba tare da ko hancinsa ya taɓa ba. Mutanen matakala suka dare, ya wuce ta tsakiyarsu, bai tsaya ba sai a ƙofar Soja, hawa ɗaya a ƙasa.

Muka ɗauko shi, ba abin da ya karye, sai hula da ta ɓata. Muka zaunar da shi a kan soso, don shi kaɗai ya rage a falon. Yana samun numfashi ya ce laifin kamfani ne, kuma yana da shaida, a ɗauko falankaye biyun nan na bayan labule. Rediyo ta riga kowa. Tana juya su tana neman inda laifin yake, sai harshen ɗaya ya faɗa bakin ɗaya, muka ji ƙas. Ta ja, suka ƙi rabuwa. Ta ba Soja, ya sa gwiwa ya ja, suka ƙi. Aka ajiye su a ƙasa, matar likita ta hau ta yi tsalle, ko motsi ba su yi ba. Kowa ya juya yana kallon wani buhu da ke jingine a kusurwa, cike da harsunan da ya yanke.

Yaya ta ce, "Harsunan da ke da amfani duk ka bi ka yanke, ka bar wanda ya kamata." Ta miƙa hannu.

Ya daɗe yana kwance igiyar takalmin nan. Ya ce ta bari sai gobe, ɗakin ba a share ba. Ta ce ita ma ta iya shara. Ta karɓa ta nufi ɗakin, jama'a suka bi ta, ni ina gaba don in karɓi kayana.

Zarton yana nan bakin ƙofa. Bayansa kuwa, daga ƙasa har silin, kayan Yaya ne. Injin markaɗenta a buɗe, hanjinsa a waje. Dutsen gugarta ba gindi. Fanka mai fiffike ɗaya, tukunyar lantarki, agogon bangon da mahaifiyarmu ta bar mata, kowanne an kwance shi an kasa mayarwa. Yaya ta juyo, ba shi ta kalla ba, ni ta kalla.

"Auta, ashe ba kai ka are su ba?"

"Ni? Yaushe?"

"Duk wanda na nema sai ya ce kai ka ɗauka, kada in yi maka magana, kana jin kunya."

Sai a ranar na gane abin da ya sa duk zuwan da zan yi gidan, Yaya takan raka ni har matakala tana kallon aljihuna. Raina ya ɓaci ƙwarai, na juya in gaya masa maganar da ba zai manta ba. Na same shi tsaye a bayan mutane, ba hula, garin katako a gira, wuyansa wayam. A hankali ya ce duk gyara ake yi musu, saura kaɗan. Ba wanda ya yi dariya, har Rediyo, ni ma tausayinsa ya kama ni ba da sona ba.

Yaya ta ɗauki agogon mahaifiyarmu ta goge shi da gefen mayafi, ta rungume. Ta ce da safe za a kwashe komai a shigo da keke, yau dai ta bar masa ya yi sallama da ofis. Jama'a suka buɗa masa hanya. Ya shiga ya tura ƙyauren a hankali ya rufe, domin a gidan kaf nan ne kaɗai mutanen matakala ba za su ga fuskarsa ba.